Bidiyon da Ya Goge Tsagar Inna

Yayana yana cikin mutanen da in suka sayi abu sai duk gari ya sani. Shekarar da albasa ta yi masa kyau a noman rani na Watari, bai gyara katangar gidanmu da damina ta zubar ba, bai sauya wa Inna ƙyauren ɗakinta da gara ta cinye ba. Waya ya sayo, faffaɗa, mai ido uku a bayanta, ya shigo da ita ƙauye yana riƙe da ita nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da kwanon miya mai zafi. Duk wanda ya yi kuskuren gaishe shi sai ya sha labarin kyamara. "Wannan da kake gani eci-di ce," haka yake cewa. Ban taɓa jin ya faɗi abin da eci-di take nufi ba, kuma na tabbata da za a tsare shi a ƙofar masallaci a tambaye shi, sai dai ya gyara hula ya ce lokacin salla ya yi.

Amma ba zan ci hakkin wayar ba, tana ɗauka. Ya ɗauki buhunan albasarsa, ya ɗauki babur ɗinsa ta gaba da ta baya, ya ɗauki kansa yana shan rake. A cikin wannan shirme ne, wata rana da hantsi, ya ɗauki abu ɗaya mai amfani a duk rayuwar wayar. Inna tana zaune a bakin madafi tana tsince wake a faifai, sai ya zo ya kafa mata wayar dab da fuska. Ta ɗago ta ce, "Kai, kawar min da wannan abin, ba ka da aikin yi ne?" Sai kuma dariya ta ƙwace mata. Ta ci gaba da tsinta tana mita a kan ƙwarin da suka huda mata wake, tana cewa toka ma bana ba ta hana su ba. Shi ke nan bidiyon. Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba kafin ya ƙare.

Inna tana da tsaga. Ba irin manyan nan masu faɗi da ake hangowa daga nesa ba. Nata sirara ne ƙwarai, a jere a kumatu biyu, daga gefen baki zuwa kusa da kunne, kamar da bakin allura aka ja su. Gidan da ta fito yana wani ƙauye bayan Shanono, gidan Maguzawa ne tun kaka da kakanni, yanzu kuma yawancinsu coci suke zuwa. Ita ta musulunta tana budurwa, ta auri babanmu, ta zauna a cikinmu har tsufa. Ƙanwarta, wadda muke kira Iya, ta zauna can wajen danginsu. Tsagarsu iri ɗaya ce, wanzami ɗaya ya yi musu. Muna yara in Iya ta kawo ziyara suka zauna kan tabarma ɗaya, ba sai an gaya wa baƙo ciki ɗaya suka fito ba.

Ranar da Yaya ya nuna min bidiyon a wayarsa, sai na kasa ɗauke ido. Rana ta faɗo wa Inna ta gefe, kowane layi na tsagar ya fito daban, har ɗan gumin da ya kwanta a tsakaninsu. Ni da nake ganinta kullum ban taɓa ƙare mata kallo haka ba, don ba a tsayawa a zuba wa uwa ido. Na ce ya tura min. A lokacin 'yar ƙaramar waya ce da ni, mai madannai da tocila a ka. Ya yi dariya ya ce wannan akwatin ashanar ba za ta ɗauki eci-di ba. Ranar kasuwa na ja shi muka kai memorin wayata wajen mai shagon caji, mai shagon ya ce sai an matse bidiyon kafin ya buɗe a irin wayata. Na ce ya matse. Ya matse, ya buɗe, na ga Inna kamar ƙwayar gyaɗa tana motsi, na ji muryarta, na gode na tafi. Hankalina a kwance yake, tunda na asalin yana wajen Yaya.

Shi kuwa ya jefa shi a guruf ɗin dangi, aka yi ta yabon kyamararsa, abin da yake nema ke nan. Daga nan bidiyon ya shiga yawo. Wannan ya tura wa wancan, wancan ya ɗora a sitatus, wani ya kwafo daga sitatus ya tura gaba. Matar kawunmu, da ba ta da data, wayar maƙwabciyarta ta ajiye a cinya ta ɗauki fuskar wayar da tata wayar.

Inna ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Da safe ta cika, kafin azahar an kai ta. Iya kuwa ƙafafunta sun riga sun ƙi, ta daɗe ba ta fita ko ƙofar gida, shi ya sa shekaru suka shige ba su haɗu ba, sai dai saƙon gaisuwa da ɗan ƙunshin daddawa ko kuka da ake aikawa tsakaninsu. Kafin labari ya isa gare ta, an dawo daga maƙabarta. Bayan an share makoki na je mata gaisuwa. Na same ta a zaune a rumfar tsakar gida, ta miƙe ƙafa, tana saka zare a allura da kanta, don idonta bai taɓu ba ko kaɗan. Muka yi kuka muka share. Can ta ce, "'Yar nan, an ce ɗan'uwanki ya ɗauke ta a waya, tana magana tana dariya. Ku kawo min in gan ta. Ban ga tsufanta ba."

Na ce mata insha Allahu, ta ce amin. Ban nuna mata wanda aka matse min ba, don ina ganin ai raini ne a miƙa wa tsohuwa ƙwayar gyaɗa alhali ga na gaske a gida.

Da na dawo na sami Yaya a zaure yana kallon dambe. Na ce ya ba ni aron wayarsa in kai wa Iya ta ga bidiyon Inna. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Wanne? Na wake? Ai na goge shi tuntuni, waya ta cika."

Na ce, "Ka goge?"

"To mene ne? Ai na raba iri. Gida nawa ke da shi a garin nan? Har mutanen birni suna da shi. Ki karɓa wajen kowa."

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. A garinmu haka ake ajiye iri, gaskiya ne. In kina da kuɓewa mai kyau ko yakuwa ko wani gero da ya karɓi ƙasarku, ba kya ƙulle shi a tukunya ɗaya. Sai ki ɗiba ki ba maƙwabta da dangi, don in ɓera ko ƙwaro ya ci naki, shekara mai zuwa ki je ki karɓo, kuma abin da za a ba ki shi ne dai abin da kika bayar. Da wannan lissafin Yaya ya goge uwarsa ya zuba damben da ko sunan 'yan damben bai sani ba. Mutumin da ya cika mana kunne da eci-di, ashe a wajensa bidiyo da irin kuɓewa duk ɗaya ne.

Ni ma a lokacin ban gama sanin girman ɓarnar ba. Sai da na fara bi gida gida.

Na riga na sayi babbar waya a lokacin, saboda sana'ata. Ɗinkin hula nake yi, kuma masu saye daga birni sai sun ga hoto kafin su ce a aiko. A nan na fara lura da wani abu. In na ɗauki hula a wayata, kowane ɗinki yana fitowa, ana iya ƙirga ramukan. In na tura, mai saye sai ya ce aikin bai yi laushi ba, zaren ya cakuɗe. Na yi ta jin haushi, har wata rana aka maido min hoton da na tura, na ajiye shi kusa da nawa. Hula ɗaya ce, amma a wanda ya je ya dawo ƙananan ɗinkin sun narke sun zama faci-faci. Da na yi tambaya aka gaya min dalili, kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Hoton waya ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar dai ɗinkin hula. In ɗigon suna da yawa kuma ƙanana, komai siririn abu zai sami wurin zama. In aka rage su, siririn abu ba shi da inda zai tsaya. Sannan duk lokacin da za a aika, na'ura takan rage nauyin abin don kada ya ci data, sai ta duba ta zubar da abin da take ganin ido ba zai nema ba. Inda launi ya yi kusa da juna sai ta haɗe shi ya zama ɗaya. Abin da ta zubar kuma ya tafi, ba ya dawowa, kuma in aka sake aikawa ta wata hanya sai a sake rage abin da ya rage.

To fata baƙa ce, tsaga ma baƙa ce, bambancinsu ɗan inuwa ne kawai.

Na fara da guruf ɗin dangi, inda Yaya ya fara jefa shi. Ya daɗe da sauka daga can, wanda duk na tambaya sai ya ce ya canja waya, ko ta faɗa ruwa, ko ya share don wuri. Na sami ɗaya wajen ɗiyar gwaggonmu. Faifan yana nan, waken yana nan, muryar Inna tana nan garau. Amma kumatunta sun yi sumul, in ta tsaya cak sai ka ga wani duhu-duhu a inda tsagar take, in ta motsa kai sai fuskar ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai, sannan ta sake haɗuwa. Na wajen kawu ya fi wannan lalacewa. Na matarsa kuwa, wanda aka ɗauka daga fuskar wata wayar, har da inuwar ɗankwalinta a kan goshin Inna, da kukan akuya da ba ta gidanmu ba. Kowa sai ya miƙo min wayarsa da fara'a yana cewa, "Ga shi nan, ai muna da shi." Kowa yana da shi, kuma babu wanda yake da ita. Na kwafi na ɗiyar gwaggo, wanda ya fi dama-dama, na koma gida raina a ɓace.

Na kai wa Yaya na ce ya duba abin da rabon irinsa ya haifar. Ya karɓa ya kalla, ya karkata kai, ya ce, "Wannan ƙaramin abu ne. Ke matsalarki ba ki san zamani ba. A birni akwai masu wanke bidiyo, su mayar da shi eci-di, ya fi na da ma." Na ce abin da aka zubar ta ina za a wanko shi? Ya ce in bar masa, aikin maza ne.

Ya shiga birni ya dawo yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta. Na ce ya nuna min. Ya ƙi. Wai sai a gaban Iya, kowa ya gani lokaci ɗaya. Haka yake tun muna yara, ko ɗan tsako ya kama sai ya tara mutane kafin ya buɗe hannu. Kuma bai tsaya nan ba. Ya ce tsohuwa ba za ta ga komai a waya ba, don haka filasmar ɗakinsa, wato faffaɗan talabijin ɗinsa, za a ɗauka, da ƙaramin janareto, tunda can babu wuta. Na ce masa idon Iya ya fi nawa da nasa. Ya ce girma ake nema. Aka naɗe talabijin a bargo aka ɗaure a bayan motar wani abokinsa mai ɗaukar albasa, muka kama hanyar Shanono ina riƙe da gefensa kada ya faɗi, warin albasa yana shiga min har ƙwaƙwalwa.

Mun isa da rana tsaka. Mutanen gidan suka karɓe mu da murna, aka kawo ruwa da kunu. Labari ya zaga, maƙwabta suka shigo, tsofaffin da suka yi wasan ƙasa da Inna suka zauna a gaba. Aka ɗauko Iya aka zaunar da ita a kujera 'yar tsugune dab da talabijin. Ta sa sabon zane, ta ɗaura kallabin da take zuwa coci da shi lokacin da ƙafa take kai ta. Wannan kwalliyar ta tsaya min a rai, don 'yar'uwarta ta yi wa.

Yaya ya ɗauki lokacinsa. Ya ja janareto, ya jona wayoyi, ya yi jawabi a kan yadda aka sha wahala kafin a gyara bidiyon, ya ambaci eci-di ya fi a ƙirga. Sannan ya danna.

Wata mata ta bayyana, ta cika talabijin. Tana zaune a bakin madafinmu, da faifan Inna a cinyarta, da ɗankwalin Inna a kanta. Fatarta tana sheƙi, ta yi haske, babu tamoji ko ɗaya. An zana mata gira, an daidaita mata haƙora, har giɓin da Inna take da shi a gefe an cike. Kumatunta kuwa sumul kamar bangon da aka yi wa sabon yaɓe. Abin da masu wankin suka yi ke nan: na'urarsu ta ga fuska a dushe, ba ta san Inna ba, sai ta ƙirƙiro fuskar da take ganin ta dace ta manna. Sai wannan baƙuwar ta buɗe baki, muryar uwata ta fito daga ciki, "Kai, kawar min da wannan abin, ba ka da aikin yi ne?"

Janareto yana ta ƙara.

Iya ta matso da fuska har ta kusa taɓa gilashin. Ta duba kumatun dama, ta duba na hagu. Ta kai yatsa ta shafa wurin. Bidiyon ya ƙare, Yaya ya sake kunnawa, yana ta murmushi yana duban jama'a yana jiran tafi.

Ta ce, "Ina tsagarta?"

Na yi sauri na ciro wayata na durƙusa kusa da ita. Na ce, "Iya, bar wannan, ga wanda ba a taɓa ba." Na kunna mata na ɗiyar gwaggo. Ta karɓa da hannu biyu ta kalla har ƙarshe. A nan aƙalla tsohuwa ce, baƙa, mai kama da Inna in aka runtse ido. Amma Iya ba ta runtse ba.

"Nan ma babu," in ji ta.

Da Yaya ya yi shiru a nan, da wataƙila na lallaɓa. Amma Allah bai hore masa shiru ba. Ya rage ƙarar talabijin ya ce, "Ai Iya, gyara ta aka yi. Ki duba fa yadda ta fito fes. Wallahi haka ta fi kyau."

Wani tsoho a gaba ya sunkuyar da kai. Wata mata ta tashi ta fita. Iya ta miƙo min wayata a hankali, ta goge hannunta a zane.

"An gyara ta," ta ce. "To. Ta yi salla a gidanku, ta yi azumi, ta haife ku ta yi muku wahala. Ba mu taɓa cewa komai ba, ita ma ba ta taɓa kawo mana ƙararku ba. Na ɗauka kun karɓe ta yadda take. Ashe jira kuke ta kwanta."

Na ce, "Iya, wallahi ba haka ba ne. Ba wanda ya cire. Na'ura ce. In za a aika abu, ita take zubar da ƙananan abubuwa don ya yi sauƙin tafiya."

Ta dube ni, kuma ba da fushi ba, abin da ya fi min ciwo ke nan.

"Wa ya gaya mata ƙananan abubuwa ne?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin ɗigo da hula da data, sai na fasa. Yaya zan tsaya a tsakar gidan da aka haifi uwata, a gaban mutanen da duk kumatunsu ke ɗauke da wannan zanen, in ce musu ba da gangan ba ne, kawai dai an duba an ga ido ba zai nema ba? Ga kuma ɗan da ta haifa a tsaye, ya riga ya rantse cewa haka ta fi kyau. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina yayana a wannan tsayuwar ba, kuma har yau ban sami dalilin ragewa ba.

Aka kashe janareto. An kawo mana tuwo duk da haka, don mutanen kirki ne, muka taɓa muka ajiye. Yaya yana naɗe filasmarsa a bargo yana gunaguni ƙasa-ƙasa, wai tsofaffi ba su san abu mai kyau ba, an sha wahala a banza. Can kuma sai wata dabara ta faɗo masa, na ga fuskarsa ta washe. Ya ciro wayar, ya goge idonta da gefen riga, ya nufi Iya.

"To Iya, tunda tsaga ake so, ai ga taki nan iri ɗaya. Bari in ɗauke ki yanzu, eci-di, in jefa a guruf kowa ya samu."

Ya kafa mata wayar dab da fuska. Ina durƙushe a gefenta, rana ta faɗo mata ta gefe, ga layukan nan sirara a jere daga baki zuwa kunne, kowanne daban. Na zuba musu ido kamar mai jin ƙishirwa, don a duk duniya a nan kaɗai fuskar Inna ta rage min.

Iya ta ɗaga hannu zuwa kanta. Ta kama bakin kallabinta ta warware shi, ta ja shi ta rufe kumatunta duka biyu, ta riƙe a ƙarƙashin haɓa. Ta juyo ta dube ni, ni ma ba ta buɗe min ba. Haka ta zauna a rufe har muka ɗora talabijin a mota muka tafi.